Shuɗin Akwatin Fakku

Abdulganiyyu malamin gona ne a Tambuwal, shekara goma sha ɗaya ke nan yana wannan aiki. Amma asalinsa mutumin Fakku ne, can ƙasar Kebbe, kuma da ya buɗe baki za ka ji hakan a harshensa. Mahaifinsa ya rasu tun yana goye, sai ƙanin mahaifiyarsa, Na'iya, ya ɗauke shi ya haɗa da nasa 'ya'yan. Kawu Na'iya ne ya fara sa masa hauya a hannu, shi ne kuma ya karɓe ta ya tura shi makaranta, don ya lura yaron ya fi son tambayar dalilin abu a kan yin sa.

Shekara biyu da suka wuce wani shiri na tallafa wa manoma ya buɗe ofis a Tambuwal, yana kula da ƙauyukan Tambuwal da na Kebbe. Aka zaɓi Abdulganiyyu cikin waɗanda za a koya wa sabon aiki, aka kai su Sakkwato mako guda. Wadda ta koyar da su wata masaniya ce, Dakta Ruwaida, mace mai magana a hankali kamar ba ta son ɓata kalma ko ɗaya. Ta ce musu akwai wani tauraron ɗan'adam da ke kewaya duniya, yana ratsawa ta kan ƙasarsu duk bayan kwana biyu ko uku, da sassafe. Ba hoto yake ɗauka ba. Wani ɗan hucin da ƙasa ke fitarwa yake saurare, wanda ido ba ya gani, fata ba ta ji. Jiƙaƙƙiyar ƙasa da busasshiya ba iri ɗaya suke fitar da shi ba, don haka daga can sama ake gane yawan danshin da ke cikin ƙasa. Ta ƙara da cewa da wannan kunnen dai yake sauraren teku, har ya faɗi inda gishiri ya yi yawa a ruwan da inda ya ragu.

Wannan ta ƙarshen ita ta fi kama Abdulganiyyu. Bai taɓa ganin teku ba. Ya dawo gida yana ba kowa labari, daga matarsa Anisa har masu shayin bakin tasha, cewa akwai na'urar da ke ɗanɗana gishirin teku daga sama ba tare da ta taɓa ruwan ba. Abin da ya iya wannan, a ganinsa, ai ƙasar gona ba za ta gagare shi ba.

Aka ba shi kwamfuta. Duk bayan kwana uku taswira na shigowa, an yanka ƙasar gida-gida kamar filin dara, kowane akwati kilomita tara ta kowane gefe. Inda danshi ya wadata akwatin ya yi shuɗi, inda ya fara ja baya ya yi rawaya, inda ya ƙare ya yi ja. A daminar farko abin ya yi kyau ƙwarai. Ya hana wasu ƙauyuka uku na arewacin Tambuwal shuka bayan ruwan farko, suka yi ta gunaguni, sai ga shi ruwan ya ɗauke har kwana goma sha shida. Waɗanda suka saurare shi ba su yi asarar iri ba. Daga nan sunansa ya fita, har ana kiran wayarsa daga garuruwan da bai taɓa takawa ba.

Bana, a makon farko na watan Yuni, aka yi ruwa a Fakku. Taswira ta zo, akwatin da garin ya faɗa ciki ya yi shuɗi. Ta sake zuwa, shuɗi. Ta uku ma haka, har ya ƙara duhu. Ranar Juma'a Abdulganiyyu ya hau babur ɗinsa ya kama hanyar Kebbe, kwamfuta a jaka a bayansa, zuciyarsa fari ƙal. Tun da ya fara wannan aiki bai taɓa kai wa garinsu wani abin kirki da hannunsa ba, sai yau.

Ya iske Kawu Na'iya a gonarsa ta jigawa, yana tsugune. Bayan sun gaisa, tsohon ya tura hannu cikin ƙasa har wuyan hannu, ya damƙo, ya matse, ya buɗe tafinsa. Ƙasar ta tsaya ɗan lokaci, sannan ta wargaje.

"Ganiyyu, ruwan ga ba su kai ba," in ji shi. "Sama-sama suka tsaya. Ni dai da a ƙara jinkirtawa, a ga na biyu."

"Kawu, sau uku ke nan ana aunawa, duk magana ɗaya. Danshin ya isa. In an yi jinkiri kuma damina ta gajarta kamar bara fa?"

"Shi mai awon, ya taɓa taka gonar ga?"

Abdulganiyyu ya yi dariya, ya buɗe kwamfuta, ya kare ta daga rana da hularsa, ya nuna masa. Ya ba shi labarin ƙauyuka ukun nan na bara. Kawu Na'iya ya daɗe yana kallon shuɗin akwatin, sannan ya kalli ƙasar da ta rage a tafinsa, ya kakkaɓe.

"To, ai don haka munka kai ka makaranta," ya ce. "Ka faɗa ma mutane in an sauko."

Da aka sauko daga Juma'a mai gari ya ba shi dama, ya tsaya a ƙofar masallaci ya yi bayani. Wasu suka juya suna neman fuskar Na'iya, don shi aka saba bi a sha'anin shuka. Na'iya ya ɗaga kai alamar ya yarda. Washegari tun da safe sungumi ya fita ko'ina a jigawar Fakku. Bara ba a samu amfani sosai ba, irin da kowa ya ɓoye kaɗan ne, kuma cikin kwana uku duk aka zuba shi a ƙasa.

Gero ya fito gwanin sha'awa. Sai sama ta rufe bakinta.

Mako na farko babu wanda ya damu. A na biyu Kawu Na'iya ya kira shi, abin da ba ya yi sai da dalili. Ya ce shuka ta fara naɗe kunne da rana, ko da safe ma ba ta warwarewa sosai. Abdulganiyyu ya duba taswira yana riƙe da wayar. Akwatunan arewa da na gabas sun koma rawaya, wasu sun yi ja. Na Fakku yana nan shuɗi.

"Kawu, a ƙara haƙuri. Akwai danshi a ƙasa, zafin rana ne kawai."

Tsohon ya ce, "Allah shi sa," ya kashe.

Aka yi sallar roƙon ruwa a Fakku, aka sake yi. Ranar da fari ya cika kwana ashirin, Abdulganiyyu ya kasa zama a ofis, ya tafi. Tun kafin ya shiga gari ya rage gudu, can ya tsaya gaba ɗaya ya sauka. Layukan shuka suna nan a jere, amma geron da ya kamata a ce ya kai gwiwa bai wuce tsawon yatsa ba, kuma ya koma launin tsohuwar tabarma. Ya tsuguna ya taɓa ɗaya, ya karye a hannunsa. Ya tona da yatsu, ya tona da makullin babur, har ya kai rabin kamu. Ƙasar tana zuba kamar gari.

Bai shiga gari ba. Ya bi hanyar shanu ya gangara kudu, shi kansa bai san abin da yake nema ba, har ya kai inda jigawa ta ƙare ta fara sauka. Daga nan ya hango fadama. Ruwa ne kwance yana ƙyalli, fili guda. Masu shinkafa sun tayar da injinan ban ruwa tun watan Mayu sun cika fagagensu, gulbi kuma ya kawo ruwan da aka yi can gabas mai nisa ya malala cikin ƙoramu. Ya fito da kwamfuta ya duba iyakar akwatin. Layinsa na kudu ya haɗiye fadamar duka.

A nan ya tuna. Ranar ƙarshe ta horon Sakkwato, ana ta haramar tafiya, Dakta Ruwaida ta ce a yi hattara da akwatin da ruwa ke kwance a cikinsa, don na'urar tana haɗa komai ne ta ba da lamba ɗaya, ba ta raba tudu da kwari. Ya ma rubuta a littafinsa. Sai dai a Tambuwal ta arewa, inda ya yi aikin bara, babu irin wannan fadama, maganar ba ta taɓa tasowa ba. Ya zauna a kan wani kututture. Shuɗin da ya nuna wa kawunsa a ƙarƙashin hula ba na gonarsa ba ne. Ruwan masu shinkafa ne.

Da ya shiga gida ya faɗa wa Kawu Na'iya komai, bai rage ba. Tsohon yana gyaran igiyar shanu, bai ɗago ba sai da ya gama ƙulli.

"Ni ma na ga ƙasar da idona, kuma na ɗaga kai," ya ce. "Ba kai ɗaya na ba. Yanzu mi ya rage?"

Akwai abin da ya rage, kuma shi Abdulganiyyu ya riƙe ya koma Tambuwal da ɗan ƙarfinsa. Shirin ya tanadi irin gaggawa saboda irin wannan shekara: wake mai nuna cikin kwana sittin da gero mai saurin fitar da kai. Idan aka shuka kafin ƙarshen Yuli, ana iya tsira da wani abu.

Ranar Litinin jerin sunayen garuruwan da za su samu ya iso daga babban ofis. Abdulganiyyu ya karanta daga sama har ƙasa, ya sake karantawa yana bin layi da yatsa. Babu Fakku. Ya ɗauki takardar ya shiga wurin shugaban ofishinsu, Malam Lauwali, dattijo mai sanyin hali wanda ya kusa ritaya.

"Ranka ya daɗe, an tsallake Fakku."

"Ba tsallakewa aka yi ba. Zauna." Malam Lauwali ya cire tabarau. "Ka san ƙa'idar. Garin da akwatinsa ya yi ja kwana goma sha huɗu a jere, shi ke shiga. Kwamfuta ke fitar da sunayen, ba mutum ba."

"Akwatin ne ba daidai ba. Fadama ce ta ruɗe shi. Na je na gani, babu ko tsiro ɗaya mai rai a jigawa."

"Na yarda da kai. Amma ka tuna yadda ake yi da. Kowane mai faɗa-a-ji sai ya turo sunan garinsu, iri ya ƙare a inda ruwa bai ma ɗauke ba. Don haka masu shirin suka ce babu hannun da zai taɓa jerin nan, ko nawa, ko na wanda ya fi ni. Ni da kai mun yi murna ranar da aka faɗi haka." Ya mayar da tabarau. "Kuma kai ɗan Fakku ne. Duk takardar da ka rubuta, abin da za a fara gani ke nan."

"To in kawo shaida?"

"Kawo. Ni zan sa hannu in tura."

Washegari ya koma Fakku da gwangwanayen madara goma sha biyu da ya wanke ya busar. Ya bi gonakin jigawa gabas da yamma, yana ɗiban ƙasa, yana rufewa da leda, yana rubuta sunan mai gona da inda wayarsa ta nuna yake tsaye. Ya ɗauki hotuna har wayar ta cika. Mutane suna kallonsa daga inuwa, ana amsa gaisuwarsa, amma babu wanda ya taso ya tambaye shi abin da yake yi.

A ofis babu tandar busar da ƙasa, an ce tana Sakkwato. Ya aro ƙaramin sikeli wurin wani mai sayar da magani, ya zo gida da la'asar ya ce wa Anisa ta ba shi kaskon tuya. Ta dube shi, ta dubi gwangwanayen, sannan ta hura gawayi. Ya auna ƙasar kowane gwangwani, ya juye a kasko yana motsawa da cokali har duk wani ruwa ya fita, ya bar ta ta huce, ya sake aunawa. Bambancin nauyin shi ne danshin. Anisa na riƙe da littafi tana rubuta lambobin da yake faɗa.

Da suka kai na biyar ta ce, "Malam, anya sikelin nan na aiki? Kusan abu ɗaya nake ta rubutawa, kafin da bayan."

"Yana aiki," ya ce. "Babu abin da zai fita ne."

Ya haɗa rahoto, Malam Lauwali ya sa hannu, aka tura. Kwana biyu shiru. A na uku ya nemo lambar Dakta Ruwaida ya kira ta, yana tsaye a bayan ofis inda babu mai ji.

Ta gane shi, ta ce rahoton yana gabanta. "Malam Abdulganiyyu, aikinka ya yi kyau. Na duba, gaskiyarka ce. Mun cire manyan koguna da madatsun ruwa daga lissafi tun farko, amma ruwan fadamarku na zuwa ne ya tafi, taswirar da muka yi amfani da ita ta nuna wurin a bushe. Kuskuren daga wajenmu yake."

Ya ce, "Alhamdu lillahi. To Dakta, yaushe za a sa sunan?"

Ta ce, "Ni ba ni da ikon sa suna. Na rubuta wa kwamitin shirin. Ƙa'ida ta ce kafin a canza jeri sai wata tawaga da ba ta da alaƙa da garin ta je ta auna da kanta. Tawagar kuma ba a ba ta izinin bin hanyar Kebbe yanzu, saboda yanayin tsaro. Kwamitin zai zauna ranar biyar ga Agusta."

"Dakta, biyar ga Agusta an gama. Ko an ba su iri a lokacin, sai dai su dafa."

"Na sani."

"Ku sake duba tauraron mana. Ku ce ya dubi jigawar ita kaɗai."

"Ba ya iyawa. Ba a juya shi, kuma idonsa bai kai ƙanƙantar haka ba. A teku wannan ba matsala ba ce, ruwa ne shimfiɗe ɗaruruwan kilomita, duk kusan iri ɗaya. Ko a can ma, da an matso gaɓa lissafin gishirin yake rikicewa, don ƙasa ta shigo cikin abin da yake ji. Ku kuma ruwa ne ya shigo muku cikin ƙasa." Muryarta ta yi ƙasa. "Akwai hanyoyin da ake haɗa shi da wasu na'urori a ƙara gani dalla-dalla, muna kan aikin. Ba zai kai bana ba. Ka yi haƙuri. Wallahi tun jiya nake buga waya."

Ya yi mata godiya. Ya daɗe a tsaye yana kallon bangon ofis bayan ta kashe.

Aka sa ranar rabon iri, kuma aka sa shi cikin masu rabon na ɓangaren Kebbe, don shi ya san hanya. Ya je wurin Malam Lauwali ya roƙa a canza shi. Malam Lauwali ya ce mutum uku gare shi, ɗaya na jinya, ɗaya ya tafi arewa da tasa motar. Haka ya shiga gaban babbar mota, buhuna a baya, suka kama hanya suna faɗawa ramuka suna fita. A hanya ya yi ta lissafi a ransa. Idan aka rage mudu ɗaya daga kason kowane mutum, za a tara abin da zai ishi rabin Fakku. Babu wanda zai sani sai shi da direba. Ya riƙe wannan tunani har suka isa.

Da suka isa filin makarantar da za a yi rabon, ya ga mutanen garuruwan da ke cikin jerin. Sun zo tun safe, wasu a ƙasa, wasu da jakuna, kowa da ɗan buhunsa a naɗe a hammata. Fuskokinsu iri ɗaya ne da na mutanen garinsu. Wani tsoho ya karɓi nasa kason, ya buɗe bakin buhun ya leƙa, ya tambaya ko shi ke nan, don gonarsa ta fi haka. Abdulganiyyu ya ce shi ke nan. Daga nan bai sake tunanin rage mudun kowa ba.

Wajen azahar ya ɗaga kai daga takarda ya hango su. Mutanen Fakku ne, sun kai ashirin, suna tsaye a gindin wata bishiyar bedi a bakin filin, ba su shiga layi ba. Mai gari na ciki, Kawu Na'iya na gefensa da sandarsa. Labari ya kai musu cewa Abdulganiyyu ne da kansa ke rabo, suka ce to lalle an gyara. Kowannensu da buhu a hannu.

Ya ci gaba da kiran sunaye. Da layi ya ƙare, motar ta zama fayau, ya taka ya je wurinsu. Ya durƙusa ya gaida mai gari, ya gaida kawunsa, ya faɗa musu yadda ake ciki: rahoto, kwamiti, biyar ga wata.

Wani magidanci mai suna Ɗangiwa, wanda suka yi wasan ƙasa tare, ya matso. "Ganiyyu, tsaya in gane. Na'urar ga ita tac ce mu shuka, munka shuka, iri ya ƙone. Yanzu kuma ita ta ka cewa ba mu cikin waɗanda fari ya taɓa?"

"Haka ne."

"Kuma kai ka san ƙarya ta. Su ma can sun sani."

"Sun sani."

"To wa za mu gani? Nuna muna mutum guda, mu tafi mu same shi."

Abdulganiyyu ya buɗe baki, ya rasa sunan da zai kama. Malam Lauwali ya yarda da shi. Dakta Ruwaida ta yarda da shi. Babu wanda ya ƙi su, babu kuma wanda za a je a tsaya a ƙofarsa.

"Babu," ya ce.

Ɗangiwa ya dube shi har sai da ya sunkuyar da kai, sannan ya naɗe buhunsa ya cusa a aljihu ya juya. Sauran suka bi shi ɗaya bayan ɗaya. Kawu Na'iya ya rage a baya. Ya duƙa da ƙyar, ya tsince wasu 'yan ƙwayoyin wake da suka zube inda aka sauke buhuna, ba su fi cikin tafi ba, ya ƙulle a bakin rawaninsa.

"Ka ci abinci yau?" ya tambaye shi.

"A'a, Kawu."

"Ka ci. Hanya da nisa."

Ruwa ya dawo a kwanakin ƙarshe na Yuli, mai yawa, kamar ba shi ya ɗauke ba. Abdulganiyyu ya zaga Tambuwal da Sakkwato neman irin mai saurin nuna, ya tarar shirye-shiryen tallafi sun kwashe shi tun tuni. Abin da ya samu bai fi awon tiya huɗu ba, ya kai, aka raba wa gidaje tara. Sauran mutane suka shuka abin da suka samu a kasuwa, waken ci da dawar da ke son wata huɗu. Ta fito, ta yi kore shar, mai wucewa zai ce shekarar lafiya ce. Ruwan ya ɗauke a ƙarshen Satumba, dawa na fara ɗaukar ciki. Samarin garin ba su jira kaka ba, suka fara fita ci-rani tun ganyen bai bushe ba. Ɗangiwa na cikin na farko, bai kuma yi masa sallama ba ko da ya ratsa ta Tambuwal.

Kwamiti ya zauna a ranar da aka sa, ya karɓi rahoton, har aka rubuto wa Abdulganiyyu takardar yabo. A watan Oktoba Dakta Ruwaida ta aiko masa da sabuwar taswirar da za a yi aiki da ita baɗi. Duk akwatin da aka gano ruwa na kwanciya a cikinsa an cire shi daga lissafi, har sai an samu hanyar da ta fi. Ya nemo na Fakku. Ba shuɗi ba ne yanzu, ba kuma ja ba. An shafe shi da launin toka, an rubuta a gefe cewa babu bayani. Ya tambayi Malam Lauwali yadda za a yi da irin waɗannan garuruwa idan fari ya sake zuwa. Malam Lauwali ya ce an ce za a duba.

Bayan an gama ɗan girbin da aka samu, ya je Fakku. Garin shiru, yawanci tsofaffi da mata. Gonar Kawu Na'iya da ke ba da dami sittin a shekarar kirki, bakwai ta bayar, su ma kawunan rabi ƙaiƙayi ne. Suna nan jingine a bakin rumbu, ba a ma sa su ciki ba. Suka zauna a zaure suka yi hirar shanu, da ciwon gwiwar tsohon, da wanda ya tafi da wanda ya rage. Babu wanda ya ambaci taswira.

Da ya tashi tafiya, Kawu Na'iya ya shiga ciki ya fito yana jan dami ɗaya. Al'adarsa ce duk kaka ya ba shi dami ya kai wa iyali, tun shekarar da ya yi aure.

"Kawu, don Allah bana a bari."

"Ɗauki."

"Ku goma sha ɗaya ne a gidan nan. Ni ina da albashi."

"Ban tambaye ka ba. In ka bar shi nan, mutane cewa za su yi na yi fushi da kai. Kawo igiya."

Abdulganiyyu ya kwance igiyar roba daga bayan babur. Tsohon ya riƙe damin, shi ya ɗaure. Damin bai da nauyi ko kaɗan. Ya tayar da babur, ya bi ta tsakiyar gari a hankali saboda ramuka, tsofaffin da ke zaune a ƙofar masallaci suna ɗaga masa hannu yana amsawa, har ya fita ya hau hanyar Tambuwal.